Wata Takwas Ummi Tana Kai Gaisuwa

Duk ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, Kamaruddeen yakan tsaya a zaure ya sa a kira masa Ummi. Ba ya ko zama. A tsaye yake ba ta karatun, yana gyara zaman hularsa, kamar mai aiken yaro sayen gishiri.

"Ki ce mata babanki ya aiko da saƙo. Lafiyarsa ƙalau. Inda aka kai su waya ba ta shiga, shi ya sa bai kira ba. Yana gaishe ta, ya ce ta ci gaba da sa masa albarka. Maimaita in ji."

Ummi ta maimaita. Shekararta goma sha ɗaya, kuma ta san babanta Mika'ilu ya rasu tun kafin azumi. Kowa ma a Unguwar Tsamiya ya sani. Sojoji sun binne shi can gabas inda ya faɗi, an yi masa salla a masallacin gari ba gawa, an karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gidan mai unguwa maimakon ƙofar gidansu. Mutum ɗaya tak aka ɓoye wa, ita ce Inna, mahaifiyarsa, da ke kwance a ɗakin ƙurya. Ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, ga hawan jini. Duk wanda zai shiga duba ta sai an tare shi a zaure an ja masa kunne.

"Baffa, in ta tambaye ni wani abu fa?"

"Ki amsa mata. Ba kya zuwa makaranta ne?"

Me ya sa sai Ummi? Domin Inna ba ta yarda da bakin manya. Ta sha faɗa cewa babba ya iya gyara zance kafin ya shigo da shi, amma takwararta ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Sunan Inna aka sa wa yarinyar, Tahira, shi ya sa gidan ke kiranta Ummi. Da can ita ke riƙe wa tsohuwar waya a kunne duk Juma'a idan Mika'ilu ya kira, ta zauna tana jin Inna na dariya tana cewa, "Auta, kana cin abinci kuwa?" To, gaskiyar nan da aka san yarinya da ita, ita baffanta ya ɗauka ya mayar jari.

Ta shiga ɗakin ta durƙusa a bakin gado. Ɗakin na warin man zafi da tsohuwar tabarma.

"Inna, Baba ya aiko da saƙo."

"Auta? Me ya ce, takwara?"

Ta zuba karatun kamar yadda aka ba ta. Inna ta ɗaga hannu sama tana murmushi, ta yi ta jero albarka, Allah ya tsare gabansa da bayansa, Allah ya dawo da shi lafiya ya same ta da rai. Ummi ta ce amin. Ta fito ta wuce bayan rumbu, ta tsaya can ta danne kukanta, sannan ta koma ta ɗauki tsintsiya.

Kuka ma an hana ta. Ranar da labari ya zo, kafin magariba an sa mahaifiyarta Safara'u a mota an kai ta gidan iyayenta a Makoda, wai ta yi takaba a can kada Inna ta ji motsin kuka. Aka ce wa Inna ta tafi jinyar tsohuwarta. Ummi ta kama zanen uwarta za ta bi ta, Luba matar Kamaruddeen ta ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"In kin tafi wa zai kai wa Inna buta? Wa zai ba ta magani? Ke kaɗai take yarda da ke. Share hawayen nan, kunnenta ya fi na kura."

Da farko cewa aka yi sati biyu kawai, kafin jinin Inna ya sauka. Sati biyu suka wuce, Kamaruddeen ya ce a bari a cire albasa, hankalinsa ya rabu biyu. Aka cire albasa, ya ce ai ba a faɗa wa mai azumi irin wannan magana. Salla ta zo, ya ce wa zai ɓata wa tsohuwa Salla? Ruwa ya sauka, ya ce a bari a gama shuka. Shi dai kullum akwai abin da ake jira, kuma ruwa ba ya tsami banza. Mika'ilu yana da gona a fadama, mai kyau, da guminsa ya saye ta, yayan nasa ke noma ta tun da ya tafi aikin soja. Kowa ya san halin Inna a kan hakkin maraya. Ranar da ta ji, ranar za ta aika a kira liman a raba gado. Muddin Mika'ilu yana raye a ɗakin ƙurya, albasa da shinkafar fadama rumbun Kamaruddeen suke shiga. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa furta shi a gidan, sai dai a ce, "Don lafiyar Inna."

Ƙarya kuma ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Inna ta fara tambaya. Wane gari aka kai shi? Ya samu rigar sanyin da ta sa aka saya masa? Ciwon haƙorin nan ya sake shi? Ummi ta riƙa ƙirƙiro amsa. Ta sa babanta ya warke daga ciwon haƙori, ta sa ya yi ƙiba, ta sa ya samu aboki ɗan Daura mai ba shi dariya. Wani lokaci tana cikin faɗa sai ta ji kamar da gaske ne, ta gan shi zaune a gindin wata bishiya yana shan shayi. Sai ta fito tsakar gida rana ta buge ta, ta tuna. Wannan ya fi komai ciwo, domin duk Juma'a sai ya sake mutuwa a hannunta.

Ba ta da abokin zance. 'Ya'yan Luba an hana su shiga ɗakin Inna don kada bakinsu ya suɓuce, su ma suka riƙa kauce wa Ummi kamar ita ce ɗakin. A makaranta ƙawayenta suka rasa me za su ce mata, suka yi shiru. Mata in sun shigo gidan sai su dube ta su kaɗa kai, su ce, "Ummi an girma," su wuce. Ba wanda ya taɓa ce mata ya haƙuri. Gaisuwar mutuwa a waje aka yi ta, tsakanin maza, ita tana ciki tana dama wa Inna kunu.

Takabar Safara'u ta ƙare bayan wata huɗu da kwana goma. Ta aiko tana so ta zo ta ga 'yarta. Kamaruddeen ya ce a'a.

"Matar nan ba ta iya riƙe fuska ba. Tana shigowa za ta rushe da kuka, ta kashe mana uwa. Ta ƙara haƙuri."

Da Babbar Salla Inna ta sa aka soya wa Auta rabonsa na naman layya, aka zuba a kwanon sha aka rufe, ta ce a tura mata shi ƙarƙashin gado. Bai taɓa tsallake Salla biyu a jere bai zo ba, in ji ta, wannan karon yana hanya. Kwana uku tana sauraron ƙarar kowane babur da ya tsaya a ƙofar gida. Ana cikin haka wata maƙwabciya, garin hira, ta ce ɗan gidan Malam Sabiru, shi ma soja, ya zo hutu har ya kawo wa uwarsa atamfa. Luba ta yi mata ido, amma magana ta riga ta fita.

Juma'ar da ta biyo baya Ummi ta kawo gaisuwa, Inna ba ta ɗaga hannu ba.

"Ɗan gidan Sabiru a wace duniyar yake aiki, da shi ake ba shi hutu?"

"Inna, ba wuri ɗaya suke ba."

"Shi waya tana shiga ya aiko miki da saƙo, amma ba ta shiga ya ce Inna ina kwana? Ni zai mayar abar aike? Ki gaya masa na gode."

Daga nan abin ya riƙa lalacewa. Albarkar ta gajarce, ta koma "to," ta koma shiru. Inna ta daina cewa Auta, sai "uban naki." Tana cin tuwo sai ta tsame hannu ta ce ta shayar da shi shekara biyu cur, ta goya shi zuwa Bagwai a ƙafa lokacin da ƙyanda ta kama shi, yau ga sakayya. Wata Juma'a, gero ya fara nuna, Ummi ta buɗe baki ke nan tsohuwar ta katse ta.

"Tsaya. Yau ni ce da saƙo. Ki ce masa na yi fushi. Ki ce masa in na mutu bai zo ba, ban yafe ba."

A Islamiyya an karantar da su Ummi cewa yardar Allah tana tare da yardar iyaye, fushinsa yana tare da fushinsu. Ta haddace, har ta ci a jarrabawa. Yanzu ga babanta a kabari, can wata ƙasa da ba ta taɓa gani ba, shi kaɗai, ga fushin uwarsa a kansa kan laifin da bai yi ba. Kuma da bakinta aka gina laifin.

Ranar Asabar da aka tashi daga Islamiyya ta tsaya har yara suka watse, ta matsa kusa da Malama Huseina.

"Malama, in uwa ta yi fushi da mutum, kuma ya riga ya rasu, yaya ake yi?"

"Sai a roƙe ta ta yafe masa. Uwa ba ta riƙe mamaci a zuciya."

"In ba ta san ya rasu ba fa?"

Malama ta dube ta, ta gane. Ta gyara hijabinta, ta tattara littattafanta.

"Ummi, wannan sha'anin gidanku ne, manyanki sun fi ni sanin abin da ya dace. Ki yi ta yi masa addu'a. Je ki gida, rana ta yi."

Ta tari baffanta a zaure yana kwance buhunan taki. Ba ta taɓa fara yi masa magana ba, sai ranar.

"Baffa, Inna ta ce ba ta yafe wa Baba ba."

"Maganar tsufa ce. Gobe ta manta."

"Ba ta manta ba, kullum sai ta faɗa. Baffa, don Allah a gaya mata."

Ya miƙe ya karkaɗe hannu. Bai yi tsawa ba, shi ba mai tsawa ba ne, a hankali yake yanka.

"Likita da bakinsa ya ce labari mai nauyi zai iya tsinka mata jijiya. Kin ji ko? In kina so ki kashe kakarki, ga ɗakin can, shiga. Amma ki sani alhakin ranta a wuyanki yake, ni na fita. Ke kin fi ni son Mika'ilu ne? Ciki ɗaya muka fito."

Luba da ke tankaɗe a bakin ƙofa ta sa baki. "Mu ma ai zuciya gare mu. Kina ganin daɗi muke ji? A bari a girbe shinkafa mana, a samu natsuwa."

Ummi ta koma ciki da kaya biyu, ba ta san wanda za ta sauke ba. In ta yi magana ta kashe Inna. In ta yi shiru Inna na iya tafiya da fushin, shi ke nan ba mai warwarewa har abada. Ta rame, wuyanta ya fito. Duk safiya kafin ta ɗora ruwa sai ta leƙa ɗakin ta tsaya tana kallon zanen rufar tsohuwar, ta tabbatar yana motsi.

Cikin watan na takwas takarda ta zo. Ƙungiyar tsofaffin sojoji na yankin da matasan gari sun shirya taro a Bagwai don karrama 'ya'yan sojoji, na raye da na waɗanda suka kwanta dama. Sunan Tahira Mika'ilu na ciki, ana so ta zo da mai riƙonta. Ummi ta ɗauka baffanta zai yaga takardar. Ina! Sai ga shi ya ba da babbar rigarsa a kai wa mai guga. An ce manyan gari za su zo, kuma an tanadar wa masu riƙon marayu kujerun gaba.

Jajibirin taron Juma'a ce. Ummi ta shiga da gaisuwa, Inna ta juya fuska bango.

"Kada ki ƙara kawo mini saƙonsa. Na gaji. Ya riƙe gaisuwarsa, in riƙe albarkata."

Da safe Luba ta ba ta wankakken hijabi fari. Ummi ta ɗauko kwalli, Luba ta karɓe.

"Bar shi. Can ba gida ba ne, gara a gan ki yadda kike."

A kan babur baffanta ya ƙara mata bayani, yana magana iska na kwashe rabi. In an tambaye ta, ta ce ana kula da ita sosai. In kuka ya zo mata kada ta riƙe, can an yarda. In sun dawo kuma, ta ce wa Inna bikin makaranta suka je.

Filin firamare ya cika. An kafa rumfuna, an jera fararen kujeru, 'yan makaranta na fareti da ganguna, mata na ta guɗa. Aka fara da 'ya'yan sojojin da ke bakin aiki. Suka fito a guje suna dariya, aka rataya wa kowa jakar makaranta, iyayensu mata na ɗaukar hoto da waya. Ummi na zaune a benci na ƙarshe tare da wasu yara tara. Kowanne da uwarsa a gefe tana gyara masa wuyan riga. Ita ta rungume gwiwoyinta.

Aka ba masu riƙo dama su yi magana. Kamaruddeen ya tashi, riga na ƙyalli, ya karɓi lasifika.

"Ƙanena ya tafi ya bar mini amana. Wallahi ban bambanta yarinyar nan da 'ya'yan cikina ba. Abin da suka ci shi take ci. Mu dai mun karɓi ƙaddara hannu biyu."

Aka tafa masa. Har da share ido da bakin riga.

Sannan mai gabatarwa ya sauke murya ya fara kiran sunaye. Da ya zo kanta ya ce, "Tahira, 'yar marigayi Kofur Mika'ilu, Unguwar Tsamiya." Filin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, "Allah ya jiƙansa." Ummi ta tsaya cak a tsakiyar fili. Wata takwas ba ta ji an haɗa sunan babanta da wannan addu'a ba. Ga ɗaruruwan mutane da ba su san ta ba sun faɗa a fili, rana tsaka, ba wanda ya waiga ya ga ko wani na ji. Kukan da ta tara a bayan rumbu ya ɓalle gaba ɗaya, irin kukan da ba ya neman izini.

Wani tsoho ya taso daga teburin manya yana ɗingishi, sanye da tsohuwar hular soja da ta koɗe. Shi ne shugaban ƙungiyar, Saja Abdulmumini. Bai ce ta yi shiru ba. Ya durƙusa da ƙyar a gabanta ya jira, sai da ta lafa ya rataya mata jakar, ya ba ta takarda mai sunan babanta.

"'Yata, ya haƙuri?"

Ta buɗe baki ba ta san amsar ba, don ba a taɓa tambayarta ba.

"Ba komai," in ji shi. "Mahaifiyar Kofur tana raye?"

Ta gyaɗa kai.

"To ga saƙo na ba ki, amana. Mu sojoji ba sulke muke dogara da shi ba, albarkar uwa ce. Ki je ki gaishe ta. Ki ce Saja Abdulmumini ya ce ta haifi namiji. Ki ce Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ɗanta ya cece ta. Za ki iya riƙewa?"

"Zan iya."

Ai kuwa ta iya, riƙe saƙo shi ne aikinta.

Sun iso gida bayan azahar. A zaure Kamaruddeen ya karɓe takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya leƙa cikin jakar, ya ce ta wanke fuska kafin ta shiga. Ya tsaya a ƙofar gida yana ba maƙwabta labarin wanda ya gaisa da shi da wanda ya zauna kusa da shi.

Ummi ta wanke fuska. Ta ɗebi ruwa a kofi ta nufi ɗakin ƙurya. Ta san abin da likita ya ce, ta san a wuyan wa aka ce alhaki zai hau. Amma an ba ta saƙo, kuma a wata takwas wannan ne na farko da wani mai rai ya ba ta da bakinsa.

"Ina kika shiga tun safe?" in ji Inna.

"Bagwai. Inna, an ba ni saƙo."

"Na ce miki ba na so."

"Ba daga Baba ba ne. Wani tsohon soja ne, Saja Abdulmumini. Ya ce in gaishe ki. Ya ce kin haifi namiji." Ta ajiye kofin. "Ya ce Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ɗanki ya cece ki."

Ana jin kaji na tono a waje. Ummi ta ƙura wa zanen rufar ido tana jira ya daina motsi. Bai daina ba. Hannun Inna ya fito yana lalube har ya kama wuyan hannunta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa sau uku, na ukun da ƙyar ya fita. "Yaushe?"

"Kafin azumi."

"Azumin da ya wuce? Saƙonnin fa?"

"Baffa ke ba ni a zaure. Wasu ni na ƙara. Inna, bai ƙi ki ba. Wallahi bai ƙi ki ba, ba ya nan ne. Ki yafe masa."

Tsohuwar ta yi wani sauti da Ummi ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta dafe ƙirji, hawaye na bin kunnuwanta.

"Auta. Auta na. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ce zan nemi gafararka, ina zaginka kana ƙasa. Allah ka shaida na yafe masa, nonon da ya sha halak malak."

Luba ce ta fara jiyowa, ta ruga ta kira mijinta. Ya shigo da babbar rigarsa yana haki, ya zube a ƙasa.

"Inna, don lafiyarki muka yi. Likita ne ya ce. Yarinyar nan ba ta da hankali, dama muna shirin..."

"Kamaruddeen."

Ya ƙame. Luba ta dafe baki. Shi ne ɗan farinta, kuma shekara hamsin ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Inna. "Yaron nan" take cewa, ko "mai gidan nan," saboda kunyar ɗan fari, kunyar da ita ce ƙaunar da ba a faɗa. Yau ta kira shi gatsal, yadda ake kiran ɗan wani.

"Kamaruddeen, an yi masa sadaka a gidan nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ke noma fadamarsa?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ka aika Makoda a dawo da uwar yarinyar nan. Ka kira mini liman. Sannan ka fitar mini daga ɗaki."

Ya fita da baya, rigar na jan ƙasa.

Inna ba ta mutu ba. Jijiyar da aka yi wata takwas ana tsoron ta tsinke, ta ɗauki labarin kamar yadda iyaye mata suka saba ɗauka tun farkon duniya. Tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya uku, ita aka ce ba za ta iya ba, sai aka sauke kayan a kan 'yar shekara goma sha ɗaya, don ita ba ta da bakin cewa ya yi mata nauyi. Gari guda ya sani, malamai sun sani, maƙwabta sun sani, kowa ya ce sha'anin gida ne. Kuma da a ce saja bai ba da saƙo ba, da har yanzu ana jiran a girbe wani abu.

Inna ta sa Ummi ta jawo kwanon nan daga ƙarƙashin gado. Ta shafa murfin, ba ta buɗe ba. Sannan ta laluba ta kamo fuskar yarinyar da hannu biyu, ta bi ƙasusuwan kumatunta da yatsa, ta ji yadda suka fito.

"Ke kaɗai kika yi ta zaman makokin nan?"

"E."

"Wa ya yi miki gaisuwa?"

"Yau aka yi mini, a Bagwai. Ban san me ake cewa ba."

Inna ta gyara zama da ƙyar, ta jawo mayafinta ta rufe kai, kamar yadda ake yi in an je gidan rasuwa.

"Cewa ake, da godiya. To, takwara, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Ummi. Sannan ta ce, "Inna, ya haƙuri?"